Ɗakin Atampoka Mai Kusurwa Huɗu

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai daɓe a ƙauyenmu, daga bakin rafi har hanyar Bolga, to a kan aikin Atampoka ya kwana, ko na hannunta ko na wadda ta koya wa. Ba ita ke ɗora katanga ba, wannan aikin maza ne. Su ɗora, su sauko, su wanke hannu, su zauna gaban ƙwaryar fito, giyar dawa, suna yabon kansu. Amma abin da ke hana ruwan sama cinye musu aikin, wato yaɓe da daɓen ƙasa da daɓen saman soro, na mata ne, kuma a cikin matanmu babu ta biyun Atampoka.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin tukunya. A wurin uwar mijinta ta koyi aikin, shekarar da aka kawo ta gidan Akolgo, kuma ba ta daɗe ba ta wuce tsohuwar. Idan aka kawo mata birji, sai ta damƙa, ta murza, ta sansana, ta ce a mayar da shi inda aka ɗebo, yashi ya yi masa yawa. Kashin shanu kuwa sai ɗanye, a jiƙa shi kwana uku a tace. Makubarta ba ta yarda kowa ya dafa mata. Ita ke tara ɓawon ɗorawa tun bazara, ta dafa shi har ruwan ya yi ja wur ya fara kauri, sannan ta yayyafa da tsintsiya sau uku, kowane yayyafi sai na baya ya bushe. Matan da ke yayyafa sau ɗaya su ce sun gama, ƙazamai take ce musu, a gaban idonsu kuwa. Ba a cika son bakinta ba, amma ranar daɓe ita ake fara aika wa.

Shekara talatin da wani abu tana wannan aiki a ɗakunan mutane, ita kuwa ba ta da nata. Da Akolgo ya rasu, ƙanensa Ayamga ya zama maigida. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. 'Ya'ya maza ne da shi har biyar, kowa na neman inda zai sa mata, sai aka dinga matsawa da Atampoka daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ta ƙare a ɗan ƙaramin da ke jikin garken awaki, kusa da ƙofar gida. Bango ɗaya ya raba ta da bunsuru. Tufafinta warin awaki, garinta warin awaki. Matar da ta goge ɗakunan amare har suna ƙyalli, ita ke share kashin akuya daga bakin ƙofarta kowace safiya. Abin yana cin ranta ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

Ɗa ɗaya gare ta da ya rayu, Nsobila. Yana Kumasi yana aiki a kasuwar katako, ya auri Azuma 'yar Nyaaba na ƙetaren rafi, sun haifi 'ya mace. Atampoka mai zagin kowa ba ta taɓa ganin laifin Nsobila ba. In ya aiko da sabulu sai ƙauye ya ji. In bai aiko ba, to aiki ne ya yi masa yawa.

Ba ta jira shi ba dai a kan maganar ɗaki. Ta roƙi Ayamga ya yanka mata wuri a gefen gonar bayan gida, ya yanka. Shekara uku tana tara itacen rufi, ƙirya da marke, waɗanda gara ba ta so. In ta je daɓe wani gida, maimakon hatsin da ake ba ta sai ta ce a ba ta gungume ɗaya. Ta ɓare su, ta babbaka su sama-sama a wuta, ta jingine a inuwa. Suka kai goma sha tara. Ɓawon ɗorawa buhu huɗu. Ta yi dawar fito ta ajiye don masu gayya. Ta kuma gama magana da Abugre magini, abokin marigayi mijinta, wani dogon tsoho mai haƙori uku da baki kamar nata. Zagayayyen ɗaki za a yi, mai kaurin bango, a yi masa soro ta daɓe abinta da hannunta, ta dinga shanya kuɓewa a sama.

Ana cikin girbin dawa Nsobila ya zo gida. Ya ga itacen a jingine, ya ji shirin, sai ya yi dariya.

"Mma, wai har yanzu soron ƙasa? Ina raye, ina cikin katako tsundum, uwata ta kwana ƙarƙashin laka? Me za a ce da ni?"

"Za a ce ɗan mai daɓe ne. Ƙarya aka yi?"

"A'a, Mma, ki bar wannan. Kwano zan sa miki. Kwano sabo fil, da katakonsa da ƙusoshinsa, kafinta ma ni zan turo. Ke dai ki gina mai kusurwa huɗu, taku tara a tsaye, shida a kwance. Kafin ruwan farko kin ji shi a kanki."

"Kwano zafi gare shi."

"Zafin ya fi warin bunsuru?"

Ta kai masa duka da ludayi, ya goce, suka yi ta dariya. A gaskiya ba kwanon ne ya shiga ranta ba, ta san soro ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ya shiga ranta shi ne a wuce ta hanya a nuna, a ce wancan mai ƙyallin ɗanta ne ya rufa mata. Kowace uwa a ƙauyen nan da wannan take mutuwa, kuma ban ga laifinta ba.

Da ta kai wa Abugre labari, yana zaune gindin kaɗanya yana gyara ƙotar fartanya. Ya saurara har ta gama, ya tofar da tabar da ke bakinsa.

"Matarmu, zauna in gaya miki, tunda yau kunnenki na Kumasi ne. Gini iri biyu ne, kuma ba a sauya shawara a tsakiya. Zagayayye, bangon na riƙe da kansa, ko'ina ɗan'uwansa na tallafe da shi. In na yi masa kauri, ki ɗora masa ƙasa ki hau ki yi rawa, ba abin da zai same shi. Mai kusurwa kuwa, bango huɗu ne kowa da ransa, rufin ne ke ɗaure su. Na kwano siriri ake yinsa, don ba nauyi zai ɗauka ba. In kwanon bai zo ba, ba ki isa ki ɗora masa soro ba, zai buɗe ya danne ki."

"Wa ya ce maka ba zai zo ba?"

"Ban ce ba. Na dai ce in."

"To ka riƙe in ɗinka. Kai da 'ya'yanka ko tsinken sakace ba su taɓa aiko maka ba."

"Shi ya sa nake kwana a ɗakin da ba ya yoyo. Ki bari in yi masa kauri ko da mai kusurwar ne, matarmu. Ƙarin kwana goma ne da ƙarin ruwa."

Ƙarin ruwan nan shi ne maganar. Daga rafi ake ɗebo shi a ka, kuma matan da za su ɗebo gayya ce, ba a ja musu rai. Ban da haka, a ganinta yin kaurin kamar ta nuna wa duniya ba ta yarda da maganar ɗanta ba ne. Ta ce a yi yadda yaro ya faɗa. Abugre ya ɗaga kafaɗa ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a shata.

Sai ta yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Ayamga zai yi aure, yana neman itacen rufi. Atampoka ta kira shi ta nuna masa goma sha taran nan, ta ce ya kwashe, ita ta wuce nan. Da mata suka fita yankan ciyawar jinka kafin a sa wa daji wuta, suka biyo mata, ta ce su je abinsu, me za ta yi da ciyawa. Har da 'yar waƙarta.

Gini ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Mai ƙasa, wanda ke riƙe da tsafin ƙauye, ya zo ya yanka kaza, aka shata da igiya da turaku. Jar ƙasa aka haƙo daga ramin bayan gona, Abugre ya ƙi ta saman, ya ce ta gona ce, tana da taki, ba ta riƙo. Aka jiƙa, samari suka tattake da ƙafa, aka rufe da ganye ta kwana uku ta yi danƙo. Ana cura ta kamar kan jariri ana jefa masa, yana cafewa yana mannawa yana lailayewa da tafin hannu. Kamu ɗaya yake ɗorawa a rana, ya sauko. Ko an roƙe shi ba ya ƙarawa, sai sahun ya kwana huɗu ya sha iska, ya danna babban yatsa ya ga bai shiga ba. Atampoka na tsaye a kansa kullum.

"Tsoho, kusurwar nan ta karkace."

"Idonki ne ya karkace. Je ki kawo fito."

Sahu bakwai aka yi, bango ya tsaya. Ta so ta fara yaɓe, Abugre ya hana, ya ce kafinta zai zo ya yi ta buge-buge, duk yaɓen zai tsattsage, ta jira a rufa tukuna. Ta jira. Ɗakin ya tsaya tsirara, sama a buɗe, tana zuwa kowace safiya ta share cikinsa, ta tsaya ta zaɓi inda za ta jera tukwanenta.

Rani ya yi nisa. Ta aika wa Nsobila ta bakin wani direba cewa bango ya bushe, amsa ta dawo cewa yana sane. Zafi ya sauko, ɗorawa ta fara fure. Ta sake aikawa, aka ce mata ana nan ana haɗawa.

Wata ranar kasuwa da hantsi tana tankaɗe birji a gaban sabon ɗakin, sai ta hango wani abu yana walƙiya a hanyar Bolga. Amalanken jaki ne, an ɗaure kwano a kai, katako na leƙowa ta baya. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta rangaɗa guɗa. Matan gidan Ayamga suka fito, aka taya ta. Amalanke ya iso daidai inda 'yar hanyarta ta rabu da babba, bai juyo ba, ya miƙe ya nufi rafi.

Ta bi shi da gudu, tsohuwa da ita, tana ɗaga hannu.

"Kai mai jaki! Ka wuce! Nan ne gidan!"

Mutumin ya ja linzami. "Wane gida, Mma?"

"Ba saƙon Nsobila ba ne daga Kumasi?"

"Nasa ne."

"To ni ce uwarsa. Ga ɗakin can."

Ya dubi ɗakin, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Ni dai gidan Nyaaba aka ce in kai, ƙetaren rafi. Sau biyu aka maimaita mini. Kafinta ma yana can tun jiya."

Matan da suka taya ta guɗa suna tsaye a bayanta. Atampoka ta tsaya har amalanken ya gangara rafi. Da ta juyo sai ta ce musu, da murya kamar ba komai, ai ta tuna, Nyaaba zai yi bikin mutuwar mahaifinsa bana, dole suruki ya yi wani abu, nata yana tafe a baya. Suka ce haka ne, haka ne. Kowa ya san ba ta tuna komai ba, a take ta ƙirƙira.

Amma bikin gaskiya ne. Tsohon ya shekara huɗu da rasuwa ba a yi masa babban biki ba, kuma a irin wannan rana mazan 'ya'yan gida ake zuba wa ido, wa ya kawo makaɗa, wa ya kawo sa, wa ya zo hannu na dukan cinya. Sai ta kama wannan ta riƙe. Ta ce a ranta sun matsa wa yaron ne a ƙurarren lokaci, kunya ta kama shi, ya juya kayan. Ta ji zafi, amma har ta fara tausaya masa.

Bayan kwana shida sai ga aike daga gidan Nyaaba, da zabuwa da ganyen taba, ana roƙon uwar Nsobila ta zo ta ja daɓen sabon ɗakin baƙi kafin biki. Abugre ya ce da shi ne, zabuwar zai cinye ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta ce jikarta jinin gidan ce, in ta ƙi zuwa Azuma za a yi wa gori. Ta ɗauki madaɓinta da dutsen gugarta da tulun makuba cikin wadda ta tanada don kanta, ta haye rafi.

Mata goma sha biyu ta tarar. Ta sa aka baza birji, aka yayyafa ruwan kashin shanu, suka jeru a durƙushe kafaɗa da kafaɗa, ta ɗauko waƙa suka amsa, madaɓai na sauka tare. Ba ta ɗaga kai ta dubi sama ba ko sau ɗaya, amma tana jin zafin kwanon a bayan wuyanta. Da rana ta take aka tsaya shan ruwan gari. Matar Nyaaba, wata mai fara'a da ba ta iya riƙe magana, ta zauna kusa da ita tana fifita da gefen zane.

"Surukata, kin haifi ɗa, wallahi kin haifa. Mijin babbar 'yarmu da ke ta cika baki da san da zai yanka, yanzu ya rasa inda zai sa fuska. Sa ai a yini ɗaya za a cinye shi."

"Haka ne."

"Kuma mutum ne mai magana ɗaya. Tun ana girbin dawa da ya zo, ya zauna nan gindin bishiyar can ya ce wa maigida, Baba, ku gina mai kusurwa huɗu, taku tara da shida, rufi nawa ne. Maigida ya ce anya, ya ce ku dai ku gina. Ga shi kuwa."

Atampoka ta ajiye ƙwaryar. "Da girbin dawa?"

"Ranar da ya baro wajenki ai nan ya biyo ya kwana. Har ya ce kin ba shi gyaɗa ya kawo mana. Ke ma na ji an ce kina gini, ko? Wane iri kike yi?"

"Irin naku," in ji Atampoka.

Ta koma ta durƙusa ta ɗauki madaɓi. Waƙar ce ba ta sake ɗaukowa ba, sai wata ta ja. An gama daɓen, ta yayyafa makuba, ta goge da dutse har ƙasa ta yi santsi, don hannunta bai san yadda ake ɓata aiki ba. Ashe ba matsa wa Nsobila aka yi ba. Rana ɗaya ya yi alkawari biyu da awo ɗaya, alhali ya fi kowa sanin abin da ke aljihunsa. Watanni biyar yana sane, tana kyauta da itacenta, tana korar masu ciyawa, tana yi wa Abugre gori.

Nsobila ya iso ana gobe biki, da sabuwar riga saƙi. Kwana uku ana kiɗa a ƙetaren rafi, ana kiran sunansa, ana nuna rufin. Sai a rana ta huɗu ya hayo wurin uwarsa. Ya same ta cikin ɗakin da ba rufi, tana zaune a kan buhun ɓawon ɗorawa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Ya fara zuba bayani, yadda kaya suka yi tsada, yadda mijin yayar Azuma ke neman kunyata shi, yadda abin ya zo masa a haɗe.

"Nsobila, tsaya. Ban tambaye ka kwano ba. Ranar da ka zo da kaka, na roƙe ka kwano?"

"A'a, Mma."

"Me ka tarar ina da shi?"

Ya kau da kai.

"Itace goma sha tara ka tarar. Da ka rufe bakinka ka ci tuwo ka tafi, yau ina cikin ɗakina. Da ka aiko ana sahu na ɗaya ka ce Mma abin ba zai kai biyu ba, da na rushe na zagaya. Ko ana yankan ciyawa ka aiko, da na yi jinka. Sau biyu ina aika maka. Me ka ce wa direba?"

"Na ɗauka zan iya haɗa duka biyun."

"Da ka ga ba za ka iya ba fa?"

"Kunya na ji, Mma."

"Kunyar wa? Ka ji kunyar Nyaaba ka kai masa kwano. Ni ka ji kunyata ka bar ni a rana. Ka zauna ka auna wanda zai yi maka gori a gaban mutane da wadda za ta rufa maka asiri, ka zaɓa. Ka san ni ba zan faɗa ba. Har ƙarya na yi maka a gaban matan gidan nan."

Ya rantse da kabarin ubansa cewa wata mai kamawa zai aiko da nata. Ta ce kada ya tayar da Akolgo, ya bar shi ya huta. Ya ajiye mata sabulu da turmin atamfa, washegari ya bi mota.

Sauran kwanakin ta yi abin da za a iya. Abugre ya zo bai ce mata na gaya miki ba, kuma wannan shirun ya fi mata zagi ciwo. Ya auna bangon da hannu ya girgiza kai, ya ce soro dai babu hali. Suka bi gida gida neman ciyawa, kowa ya riga ya yi jinkarsa, abin da ya rage guntaye ne. Itacen da ta bayar yana kan ɗakin amarya an daɓe, ita ce ma ta daɓe shi. Sai ta yi wa bangon yaɓe cikin gaggawa, ita da mata huɗu, makuba sau ɗaya, irin aikin da take zagin wasu a kai. Suka ɗora tsofaffin zana da karan dawa a kan bangon suka danne da duwatsu. Abugre ya huda rami a gindin bangon gabas don ruwa ya sami hanyar fita.

Ruwan farko yayyafi ne, ɗaki ya tsaya. Na biyu ma ya tsaya. Wata ya kama ya mutu, ba amalanke. Na ukun da la'asar ya zo, da iska a gabansa, ta kwashe zanan nan ta watsa cikin gona tun kafin ɗigon farko. Aka yi ta ruwa har kaji suka shiga akurki. Ɗaki marar rufi tukunya ne, ramin Abugre ya toshe da laka, ruwa ya taru a ciki yana cin gindin bango, na sama yana cin kansa. Atampoka ta fita da fartanya za ta buɗe ramin, Ayamga da kansa ya riƙo ta ya ce in bangon ya faɗo mata me zai gaya wa mutane. Suna tsaye a ƙofar gida suna kallo kusurwar arewa ta buɗe daga sama, a hankali, har ana hango gona ta tsakiya. Dogon bangon ya jingina waje ya kwanta. Ko ƙara mai ƙarfi bai yi ba.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta koma ɗakinta na jikin garke, ta tarar awaki sun fake a bakin ƙofa, ta tsallake su ta shiga.

Kafin damina ta ƙare sauran bangon sun narke sun zama tudu. Shekarar da ta biyo Ayamga ya tambaye ta ko za ta sake, ta ce sai ta tara itace, ya shuka gero a wurin kafin nan. Abugre ya rasu rani biyu bayan haka, samarin da suka gaje shi kuwa bulo suka iya. Gwiwoyinta sun fara ƙi, ba ta jan daɓe sai dai ta zauna a gefe tana faɗa. Itacen da ta sake tarawa shida ne, suna jingine bayan garke, ƙirya kuma ta yi wuya a dajinmu yanzu.

Nsobila yana zuwa duk shekara, ba a ce ya yar da ita ba. Yana kawo sabulu, yana kawo 'ya'yansa, tana goya su tana yi musu wasa. Maganar kwano ya sake tayar da ita sau biyu, ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta zage shi ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba, kuma ko yau ka taɓa shi a gabanta za ka ji bakinta. Sai dai in direba ya tsaya ya ce mata ɗanki ya ce yana nan tafe ranar kasuwa, takan yi godiya ta koma ciki. Ba ta jiƙa ƙarin gero, ba ta kama zabuwa, ba ta gaya wa kowa. Sai ta ga ƙafarsa a ƙofar gida sannan take ɗora tukunya.